Wanda Ke Min Rubutu da Sunan Yaya

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da "Malama ina ci gaba", to ga shi. Ke kuma da kika ce in daina sa ku kuka a wurin aiki, ki yi haƙuri, wannan shafin ki bari sai kin koma gida.

Ga sababbin shigowa a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, Hausa nake koyarwa a sakandare. Yayana ya daɗe da tafiya aiki wata ƙasa mai nisa, can ya auri 'yar ƙasar, can suka haifi 'yarsu ɗaya. Abin da ya riƙe zumuncinmu wani gem ne da muke bugawa ta intanet duk Asabar, muna gina gari muna hira. Watanni ke nan da ya daina buɗe murya, sai rubutu. Jiya kuma matarsa da 'yarsa suka sauka gidan Umma babu shi. Wai aiki ne ya riƙe shi.

*

Bayan la'asar muna falo. Umma ta ɗora ƙafafunta a kan filo, robar magungunanta a gefe. Matar Yaya ta ce kanta na ciwo, ta shiga ta kwanta. 'Yar Yaya na zaune a kan kafet, ta duƙufa a kan waya. Shekararta sha shida, siririya, goshin ubanta sak. Tun daga bakin ƙofa Umma ta raɗa mata Baturiya.

"Ke Baturiya," in ji Umma, "me ke cikin abin nan ne? Tun safe kin sunkuya kamar mai neman allura."

Ta ɗago. "Ina... wasa, Kaka."

"Wasa! Gado ne ashe. Ubanki haka ya ƙarar min da ƙuruciyarsa gaban talabijin, yana danne-danne yana ihu. Lokacin jarabawa sai in zare wayar abin in ɓoye a cikin sif. Kafin in dawo daga kasuwa ya same ta."

"Ni nake gaya masa inda take," na ce.

"Na sani, munafuka. Ga shi yanzu kin yi furfura kina koyar da 'ya'yan mutane, kina nan kina gina gidan ƙarya a waya."

Na yi dariya. Na saba. Duk wanda ya ji ina buga gem sai ya kalle ni sau biyu, har abokan aikina da ke kwana kallon fina-finai masu dogon zango. Ni dai na daina kare kaina. Wanda bai taɓa zama kusa da ɗan'uwansa suna ƙoƙarin tsallake waje ɗaya tun safe har rana ta faɗi ba, ba zai gane ba ko an yi masa bayani.

Umma ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, ya kife a kan kafet. Yarinyar ta yi zumbur ta ɗauka.

"Sannu Kaka. Ka yi haƙuri."

Umma ta tuntsire da dariya har da tari.

"Ka! Jama'a, yau an mayar da ni namiji. Ki ake cewa, 'yar nan, ki!"

Ni ban yi dariya ba.

Tun da Yaya ya koma rubutu, haka yake min. "Auta ka zo?" "Auta ka ci abinci?" Na yi ta tsokanarsa, na ce Turanci ya cinye masa harshe, na ce da ɗalibina ne da ya sha jan biro. Sai ya turo min hoton fuska mai dariya, ya gyara, mako na zagayowa ya sake.

Na ce wa kaina, ai duk mai koyon Hausa haka yake yi. Me ya haɗa wannan da wancan?

Amma na tashi na shiga ɗakina na da, na buɗe gem ɗin. Asabar ce, lokacinmu ya yi. Na rubuta:

"Yaya, iyalinka sun sauka lafiya. Kai kaɗai muke jira."

Daga falo na ji waya ta yi ƙara. Irin ƙarar da tawa ke yi.

Na ji yarinyar ta ce, "Kaka, ina zuwa." Na ji takunta ta wuce ƙofata, ta shiga ɗakin baƙi na ƙarshen baranda.

Saƙo ya shigo.

"Auta ka zo? Yau aiki yawa. Mu gina kaɗan."

Na daɗe ina kallon rubutun. Sannan na cire takalmina, na bi barandar a hankali. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Tana zaune a bakin gado ta ba ni baya, ta riƙe wayar a kwance da hannu biyu. A kan allon ga garinmu. Ga gonar, ga gadar da muka yi ta faɗa a kan inda za a sa ta. Ga ɗan mutumin Yaya da jar hularsa yana tsaye yana jirana.

Na rubuta:

"Waiwayo."

Ta karanta. Na ga leɓenta na motsi tana haɗa kalmar. Sai ta waiwayo.

Wayar ta suɓuce ta faɗi a kan katifa.

Na shiga na tura ƙofar.

"Ina yayana?"

"Gwaggo..."

"Ina yayana na ce!"

Ta buɗe baki, Hausar ta ƙi fitowa. Na juya zuwa Turanci, don ba lokacin darasi ba ne. Abin da ya biyo baya da Turanci muka yi shi, ni ce nake mayar muku.

"Ya rasu ne? Ki gaya min gaskiya. Ya rasu kuka ɓoye?"

"A'a! Yana da rai. Wallahi yana da rai."

Wallahin nan da Hausa ta faɗe shi, da irin muryar ubanta. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa.

"To me ya same shi?"

"Ya faɗi a wurin aiki. Jini ya fashe a kansa. An yi masa aiki, ya daɗe bai farfaɗo ba. Da ya farfaɗo, ɓarin damansa ba ya motsi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ba shi ke nan ba, Gwaggo." Ta goge hanci da bayan hannu. "Turancinsa ya tafi."

"Kamar yaya ya tafi?"

"Ya tafi duka. Idan muka yi masa magana sai ya yi ta kallon bakinmu. Mutumin da ke tsayawa gaban mutane ya yi jawabi, yanzu ko ruwa ba ya iya nema da shi. Likita ta ce abin da ya rage masa shi ne harshen da ya fara ji yana yaro. Shi ma a gutsure, bakinsa ya karkace."

Na kalle ta.

"Kuma ba wanda ke ji a cikinku."

Ta girgiza kai.

"Ni da Mama muna tsaye a kansa, yana magana, yana magana, yana kuka, ba mu san me yake so ba. Na gwada manhajar fassara. Ban san yadda ake rubuta abin da yake faɗa ba, sai ta ba ni shirme. Ranar nan na ɗauki wayarsa zan kashe, sai saƙonki ya shigo. Kin ce ya makara, kin fara girbi ba shi."

Na tuna ranar. Na tuna har na ce masa malalaci.

"Na so in gaya miki," ta ce. "Mama ta hana. Sai na ce to bari in amsa sau ɗaya kawai, kada ki yi zargi. Na buɗe tsofaffin saƙonninku ina kwafar yadda yake rubutu. Sai kika gyara min kalma. Kika yi min bayani kamar a aji. Sai na ga ai ga mai koya min."

Abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyin da Yaya ya riƙa jefo min ana tsakiyar wasa. Auta, mene ne ƙishi? Auta, idan mutum ya ce duhu me yake so? Na ɗauka gwada ni yake, ko kuwa da gaske harshen ne ke kuɓuce masa. Har hoton saƙonnin na riƙa ɗauka ina nuna wa abokan aiki muna dariya.

"Ranar da kika rubuto min kay-kay," na ce a hankali.

Ta rufe fuska da tafukanta.

"Kullum yana faɗa. Mun ba shi ruwa, mun ba shi abinci, mun kira nas ta ƙara masa maganin ciwo. Yana ta faɗa yana buga gado da hannun hagu. Sai da Asabar ta zo kika ce ƙaiƙayi ne, kika ce in sosa in daina damunki." Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. "Bayansa ne, Gwaggo. Duk ya yi ja saboda kwanciya. Da na sosa masa sai ya rufe ido, ya yi barci kamar jariri."

A nan na kasa. Na cusa bakin mayafina a baki don kada Umma ta ji daga falo.

Mutumin nan shi ya koya min Turanci. Ba makaranta ba, shi. Lokacin da Baba ya sayo mana tsohuwar na'urar gem a hannun wani maƙwabci, duk rubutun da ya fito a allo Yaya ke fassara min. Rabi gaskiya, rabi ƙarya. Sarkin cikin wasan zai yi dogon jawabi, Yaya ya ce, "Ya ce Auta ta je ta ɗebo wa yayanta ruwa, in ba haka ba ba za a buɗe ƙofa ba." Ni kuwa in tashi da gudu. Sai da na girma na gane, na rantse sai na iya da kaina.

Yarinyar ta sauko daga gado ta zauna kusa da ni.

"Kin san Hausar da na iya kafin wannan?" ta ce. "Kash. Wayyo. Ka ga tsiya. Su yake faɗa idan aka cinye shi a gem. Ina ƙarama na ɗauka sunayen mutanen ciki ne."

"Bai taɓa koya miki ba?"

"Ya gwada. Da safe sai ya ce min ina kwana, in amsa. Da na shiga sakandare wata rana ya zo ɗaukata, ya yi min magana da Hausa a gaban ƙawayena. Suka yi ta kwaikwayonsa. A mota na ce masa kada ya sake. Ya kunna rediyo. Bai sake ba kuwa."

"Yarinya ce ke lokacin."

"Na san waƙoƙin mutanen da ban taɓa ganin ƙasarsu ba, Gwaggo. Na haddace su kalma da kalma saboda kowa a ajinmu na yi. Harshen wasu na zauna na koya don in riƙa kallon fim ba fassara. Na babana kuma na ce abin kunya ne. Yanzu yana kirana, ban san ko yafe min yake yi ba ko ruwa yake nema."

Na jawo ta jikina. Ƙashi kawai. Yarinyar da ya kamata a ce damuwarta jarabawa ce da wayar da ƙawarta ta saya, ita ce ke zama duk Asabar tana noma gonar ƙarya da gwaggonta don ta samo kalmar da za ta kai wa ubanta asibiti.

Aka turo ƙofar, ta bugi bayana. Na matsa. Matar Yaya ce, idanunta a kumbure. Kallo ɗaya ta yi mana ta gane.

"Ta gaya miki."

"Ni na kama ta." Na miƙe. "Anti, wata nawa? Ɗan'uwana na kwance, kina ɗaga wayata kina ce min yana wanka, yana taro, ya yi barci?"

"Ki rage murya, don Allah."

"Ba mu da haƙƙi a kansa ne? Ko don mu ba..."

"Shi ya ce." Ta rufe ƙofar ta jingina da ita. "Kafin wannan ya taɓa yin irin ciwon nan ƙarami, bara, ya warware. A gadon asibiti ya sa na yi masa alƙawari. Ya ce duk abin da ya same shi kada Umma ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya ce ke kuma ba kya iya ɓoye wa Umma komai, fuskarki ke tona ki."

Gaskiyarsa ce.

"Akwai 'yan'uwanku a garin da muke," ta ci gaba. "Na san da na kira ɗaya zai zo ya fassara mana. Amma kafin ya fita daga asibitin labari ya iso gidan nan. Sai na yi shiru. Na bar yarinya da kayan da ya fi ƙarfinta. Na sani. Ba sai kin faɗa ba."

"To me ya kawo ku yanzu? Wa kuka bar masa?"

"Ƙanena yana wurinsa. An mayar da shi gidan jinya." Ta kalli 'yarta, ta kalle ni. "Likita ta ce idan bai samu wanda zai riƙa yi masa hira da harshen da ya rage masa ba, shi ma zai tafi. Ya riga ya fara yin shiru. Ke muka zo ɗauka. Na shirya abin da zan faɗa tun a jirgi. Da na ga Umma ta fito tana leƙa bayanmu tana nemansa, sai na ji bakina ya ce aiki."

Daga falo ana jin talabijin ɗin Umma, ana tallar sabulu.

"Kira min shi," na ce.

"Auta, ba yadda kika san shi yake ba."

"Kira min shi."

Ta duba agogo, ta ce yanzu sun gama ba shi abinci. Ta danna kiran bidiyo. Ƙanenta ya ɗauka, suka yi magana kaɗan, hoton ya yi ta rawa, na ga silin, na ga labule, na ga ƙarfen gado.

Sai na ga wani tsoho.

Na rantse da farko na ɗauka kuskuren ɗaki aka yi. Kansa fari fat. An aske masa gemu, shi da ko Umma ba ta isa ta sa shi ya taɓa gemun nan ba. Gefen bakinsa ya zube, an ɗaura masa tawul a wuya. Yana kallon gefe, ba ruwansa da wayar.

Na karɓi wayar daga hannunta.

"Yaya."

Bai motsa ba.

"Yaya, ni ce. Malalaci, ka bar ni da girbi ni kaɗai."

Idonsa ya juyo a hankali. Ya yi ta neman inda muryar take har ya same ni. Na ga goshinsa ya tattare. Leɓensa ya yi ta kokawa.

"Au... ta."

Matar Yaya ta toshe bakinta. Yarinyar ta riƙe min hannu har farcenta ya shige ni.

"Na'am Yaya. Ina jin ka. Faɗi, duk abin da ka faɗa ina ji."

Sai maganar ta ɓalle masa. Kalmomi a karye, wasu a haɗe, miyau na zuba, ƙanen matarsa na goge masa yana ture hannun. Wani baƙo ba zai tsinci komai ba. Ni kuwa da na girma ina jin mutumin nan yana magana da baki cike da abinci, yana magana cikin barci, yana raɗa min kada Baba ya ji, na ji kowace kalma.

Ya ce abincinsu ba gishiri. Ya ce nas ɗin safe tana da kirki, ta yamma tana jan shi kamar buhu. Ya ce yarinyar nan ta rame, a ce mata ta ci abinci.

Na juya na gaya mata. Ta durƙushe a wurin.

Sai numfashinsa ya yi sama-sama. Ya ɗago hannun hagu ya kamo gefen wayar, fuskarsa ta cika allon. Ya faɗi wata magana. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa, hawaye na bin karkataccen kuncinsa.

Yarinyar ta ɗago da sauri.

"Wannan! Gwaggo, wannan ce yake faɗa kullum da yamma. Na ji tsoron tambayarki saboda akwai sunan Kaka a ciki. Me yake cewa?"

Matar Yaya ma ta zuba min ido.

Ta yaya zan gaya wa matar da ta yi watanni tana kwana a kujerar asibiti? Ta yaya zan gaya wa yarinyar nan?

"Gwaggo, don Allah."

"Ya ce..." Na kalli matar Yaya. "Ya ce ya gaji. A kai shi gida. A kai shi wurin Umma."

Matar Yaya ta zame ta zauna a bakin gado.

"Shi fa ya ce kada ta sani," ta faɗa, kamar da kanta take. "Shi ya sa na rantse. Duk watannin nan ita yake kira, ni kuma ina ɓoye mata?"

Cikinmu ba wanda ya lura talabijin ɗin falo ya yi shiru. Ba wanda ya ji ƙarar sandar Umma a baranda.

Ƙofar ta buɗe.

Umma na tsaye, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a jikin bango. Ba ta kalli kowa a cikinmu ba. Wayar take kallo.

"Muryar wa nake ji?"

Na yi ƙoƙarin kife wayar a ƙirjina. Na makara. Daga cikinta, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba, Yaya ya ƙwala kira.

"Umma!"

Sandar ta faɗi ƙasa. Umma ta miƙo hannu.

"Auta. Ba ni ɗana."